Ranar da Na Kunna wa Baba Mai Wanki Fanka

Lokacin muna ɗalibai a Samaru akwai sana'ar da na ƙware a kanta fiye da karatun likitan kansa, wato cankar tambayoyin jarrabawa. In aka ba mu littafi mai kauri, sai in zauna da jan biro in raba shi gida biyu: abin da zai fito da abin da ba zai fito ba. Har sallama ake yi mini a ɗaki saboda wannan. A cikin babukan da na ja wa layi na ce a tsallake, akwai wani ɗan gajere a kan mutumin da sanyi ya ratsa har zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da yadda rai yake bukata. Ina tune da abin da na ce ranar, don a teburin mai shayi na faɗe shi, da ƙarfi kuma. Na ce wannan ciwon mutanen ƙanƙara ne, mu da rana take gasawa kamar masara, wa sanyi zai kashe? Aka bushe da dariya. Babin bai fito a jarrabawa ba, sunana ya ƙara tashi.

Tun a shekarun nan na san Baba mai wanki. Dattijo ne ɗan Hanwa, siriri, mai ɗan farin gemu, yana zuwa Samaru a kan tsohon kekensa duk Asabar ya karɓi kayan ɗalibai, ya dawo da su a goge a ninke. Ba ya rubuta komai, amma bai taɓa haɗa singiletin wani da na wani ba. Tun ina aji biyu yake kirana Likita, lokacin ko allura ban iya riƙewa ba. Da na gama karatu na samu aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Gari, can bayan PZ, na ci gaba da zama a Samaru, shi ma ya ci gaba da zuwa. Sai dai yanzu an samu ƙari a cikin kayan, farar rigar aiki. Yadda yake ji da rigar nan kai ka ce tasa ce. Bula da sitaci yake sa mata har ta kusa tsayawa da ƙafarta. Na kuma ji labarin cewa a Hanwa duk wanda ya yi tari a gabansa sai ya ce, “Bari in tambaya maka likitana.”

Rigunan biyu ne. Ɗaya ta tsufa, wuyanta ya fara cinyewa, ɗaya sabuwa fil. Sabuwar ce manja ya ɗiga wa, daidai aljihun ƙirji, wata Juma'a da nake cin doya a tsaye. Ga shi mai asibitin ya sanar cewa ranar Talata mai hoto zai zo ya ɗauki ma'aikata, a manna hoton a babban allon da ke bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani. Ni har na riga na zaɓi inda zan tsaya da yadda zan harɗe hannu. Da Baba ya zo ranar Asabar, cikin yayyafi, ya yafa leda a kafaɗa, na miƙa masa rigar na ce Litinin da yamma nake son ta.

“Likita, markan nan fa,” ya ce, yana duban sama. “Kaya ba ya bushewa.”

“Baba, ko ruwan me ake yi, Litinin.”

“To. Allah ya kai mu.”

Ya ɗaure ƙunshinsa a bayan keke ya tafi, ni kuma ban sake tuna maganar ba.

Watan Agusta ne, irin markar nan da take kwana uku ba a ga rana ba. Ruwan ba ya tsugewa ya huce, sai dai ya yi ta zuba siri-siri, ga wata iska tana bi ta ƙarƙashin ƙofa. Ranar Litinin na isa asibiti cikin tsohuwar rigar aiki, a ƙarƙashinta suwaita mai kauri, kaina da hular sanyi, ƙafata da safa. Kofin shayi na biyu ne a hannuna, ina bin kowa ina yi masa ƙorafin sanyi kamar ni kaɗai aka saukar wa shi. A riƙe mini maganar suwaitar nan.

Wajen ƙarfe tara babur mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa, direban da wata mata suka kinkimo wani dattijo. Sai da suka shimfiɗe shi na gane Baba ne. Matar 'yarsa ce, malamar firamare, hijabinta ya jiƙe sharkaf. Ta ce tun bayan sallar asuba ya fita wanki bakin rafi, ga shi yana azumin Litinin da ba ya fashi. Santsi ya kwashe shi a gangare ya faɗa cikin ruwa, ƙugunsa ya riƙe, ya kasa hawowa. Ba wanda ya san iya zaman da ya yi a ciki, sai da masu ɗibar yashi suka hango shi.

“Na ce mu je asibitin kusa da mu,” in ji ta, “ya ce sai wajen likitansa. Maganan da ya iya yi ke nan.”

Na so in ce tausayi ne ya fara kama ni. Gaskiyar magana kaina ne ya fara kumbura.

Baba yana ta karkarwa, haƙoransa na haɗuwa. To, duk wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar nan ya san yadda abin yake: mutum ya shigo da damina yana rawar sanyi, kafin ya zauna hannunka ya gama rubuta maleriya. Na sa safar hannu, na sa aka kwantar da shi a gadon da ke jikin taga. Jiƙaƙƙun kayansa suna jikinsa, 'yar ta rufa masa zane a kai, ni kuma ban ce a cire ba. Na ɗauko ma'aunin zafin jiki, irin na gilashi mai ɗan farin layin zaiba a ciki, wanda lambobinsa suke farawa daga talatin da biyar. Na kaɗa shi da irin kaɗawar da na koya don burge masu jinya, na sa a hammatarsa, na jira, na zaro. Layin bai motsa ba.

Na ce wannan ya mutu. Na ɗauko na biyu, shi ma haka. Da na uku ya ƙi tashi sai na fita baranda na ɗaga murya, yadda mai kula da sito zai ji daga inda yake, na ce wai har yaushe za a daina sayo mana tarkacen kasuwa? Na zuba su ukun a aljihun tebur. Aka ɗiga jininsa a ɗan abin gwajin maleriya, ya nuna babu. Na ce shi ma danshi ya lalata shi. Na kama wuyan hannunsa na ƙirga bugun jini, na ji yana tafiya a hankali ƙwarai, alhali mai zazzaɓi zuciyarsa gudu take yi. Nan ma ban rasa amsa ba. Na ce ai mutumin da ya shekara arba'in yana tuka keke tsakanin Hanwa da Samaru dole zuciyarsa ta zama ta 'yan wasa. Ranar dai komai na asibitin nan ya lalace, ni kaɗai ne lafiyayye.

Na yi masa allurar maleriya. Ba a daɗe ba karkarwar ta ragu, can ta tsaya cak. Na juya na dubi 'yar.

“Kin gani, Malama? Allura ta fara aiki.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi,” amma idonta na kan mahaifinta. Ya fara wasu surutai da ba a fahimta, yana jan wuyan rigarsa da yatsun da suka ƙi lanƙwasa, kamar mai son tuɓewa. Na ce zafi ne ya taso masa daga ciki. Na miƙa hannu, ni mai suwaita da hular sanyi, na kunna fankar sama na murɗa ta har ƙarshe. Na kuma aika a kawo ruwa a roba da tawul, a shafe masa jiki.

Ruwan yana hanya Sista ta shigo. Ita ce babbar nas ɗinmu, Kirista 'yar kudancin Kaduna, ta kusa sa'ar mahaifiyata, a Dogarawa take zaune. Ranar ruwa ya cinye hanyar unguwarsu, shi ya sa ta makara. Ni da ita dama zaman haƙuri muke yi. Ba ta taɓa gyara mini a gaban mara lafiya ba, sai dai ta yi wani ɗan tari, in bi ta ofis, in fito da sabon ra'ayi kamar nawa. Tarin nan na tsane shi. Ranar ba ta yi tari ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa da lema a hannu. Ta dubi fanka, ta dubi Baba, ta dubi suwaitata. Ta kashe fankar, ta tura tagar ta rufe, ta zura hannunta tsirara ta ƙarƙashin rigarsa ta ɗora a cikinsa.

“Likita, zo. Cire safan nan.”

Na cire. Ta kama hannuna kamar na yaro ta ɗora inda nata yake. Kamar na taɓa gefen randa da sassafe.

“Hannu da ƙafa kowa nasa ya yi sanyi yau,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Amma ciki? Cikin mai rai ba ya haka.”

Na fara bayanin ma'aunan da suka lalace. Ba ta bari na kai aya ba. Ta jawo aljihun tebur ta ɗauki ɗaya, ta goge, ta kaɗa, ta ɗaga suwaitata ta cusa mini shi a hammata ta ce in riƙe. Haka na tsaya a tsakar ɗaki hannu a matse, ita kuma ta ɗauki almakashi tana yanke jiƙaƙƙun kayan daga jikin Baba, don ba ta so a jujjuya shi. Da ta gama tsane shi da busasshen tawul ta dawo ta zare abin ta nuna mini. Talatin da bakwai, daram.

“Lafiyansa ƙalau. Baba ne bai kai inda lamba ya fara ba.”

“Amma ai ya daina karkarwa,” na ce. Ita ce hujjata ta ƙarshe, na riƙe ta da hannu biyu.

“Ƙarfin yi ne ya ƙare masa, ɗana. Mai karkarwa jikinsa yana kokawa ne. In ya daina…” Ta dubi 'yar, ta haɗiye sauran.

Ba ta taɓa ce mini ɗana ba sai ranar. A nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Mutumin nan mutuwa yake yi a gabana tun ɗazu, ni kuma ina taya shi da fanka.

Abin da ya biyo baya, in an duba takardar asibiti, duk umarnina ne, da sa hannuna a ƙasa. Yadda aka yi kuwa shi ne Sista tana tambaya ina amsawa. “Likita, ba za a duba sugansa ba, tunda azumi yake yi?” A duba. Ya faɗi ƙasa sosai, muka ba shi ruwan suga ta jijiya. “Likita, ruwan da za a ƙara masa, a haka da sanyinsa?” A ɗumama. Ta tsoma ledar a robar ruwan ɗumi, tana gwadawa a wuyan hannunta kamar mai haɗa wa jariri madara. Muka nemi barguna, aka samu biyu kacal a duk asibitin, su ma sirara. Fanka kam kowane ɗaki da tasa, har da ta tsaye. Sista ta dube ni daga sama har ƙasa ta miƙo hannu. Na tuɓe suwaita da hula na ba ta, da ɗumin jikina a cikinsu. Ta sa masa hular har kunne, muka zura masa suwaitar a hankali, muka naɗe shi. Ta sa aka cika gorunan roba da ruwan ɗumi, ta nannaɗe kowace da zane don kada ta ƙone masa fata, ta jera su a hammatarsa da gefen ƙirjinsa.

'Yar ta fito da man zafi daga jaka ta kama ƙafarsa za ta murza. Sista ta riƙe mata hannu.

“A'a, 'yata, kar ki murza. Jinin da ke ƙafan nan ya yi sanyi, in kika koro shi zuciya gaba ɗaya ba zai ɗauka ba. Ƙirji za mu fara ɗumamawa, sauran ya biyo.”

Wayar 'yar kuwa ba ta huta ba. Wannan gwaggo ta ce a kawo kaskon garwashi a ajiye ƙarƙashin gado, wancan kawu ya ce a ɗura masa kunu mai zafi. Sista ta ce garwashi a rufaffen ɗaki wata mutuwar ce daban, kuma ba abin da zai shiga bakinsa sai ya farka ya iya haɗiya da kansa. Ni kuma na kawo shawarar a tura shi babban asibiti. Na faɗe ta da muryar likita, amma har da son a ɗauke mini shi daga gabana a ciki. Ta ce zuciyar da ta yi sanyi haka ba ta son jijjiga, a bari ya ɗan ɗumama kafin a jefa shi cikin ramukan hanya. Muka kira mai asibitin a waya, tsohon likita ne, ya goyi bayanta ya ce yana tafe. Da ya tambaye ni nawa ne zafin jikin, na ce, “Bai kai talatin da biyar ba, ranka ya daɗe,” da wata murya kamar ni na gano.

Da abubuwa suka ɗan lafa na shige banɗaki da wayata na nemo babin nan da na tsallake. Ko minti biyar bai ɗauke ni ba. Karkarwa da farko, sai ta tsaya. Magana ta harɗe. Bugun zuciya ya ja baya. Wani ma ya riƙa tuɓe kaya yana jin kamar zafi yake ji. Tsoho, da mai yunwa, da wanda ya daɗe a jiƙe, ba sa bukatar ƙanƙara. Kowane layi Baba ne, kamar marubucin yana tsaye a bayana tun safe. Na wanke fuska na fito.

Daga nan sai jira. Duk bayan rabin sa'a Sista ta canza ruwan gorunan, ni kuma in sa ma'aunin da na yi wa ƙazafi in zaro in ɗaga shi wajen haske. Ba komai. Aka kira azahar, na yi salla a ofis ban san abin da na karanta ba, na dawo. Ba komai. Mai asibitin ya zo ya duba, ya saurari ƙirji ya daɗe, ya ce a ci gaba da abin da ake yi. Ina rawar ɗari cikin tsohuwar riga da 'yar shat, ban kuma isa in yi ƙorafi ba.

'Yar tana zaune a kan benci ta haɗa hannu a cinya. Can ta yi magana, ba ni take kallo ba, bango take kallo.

“Na hana shi fita. Jiya duk yini yana leƙa sama ko zai ɗauke. Ya ce akwai aikin da ya yi alkawari.”

Sai a lokacin na lura da wata baƙar leda a ƙarƙashin gadon, an ƙulle bakinta, ruwa yana tsatsowa daga gindinta yana bin siminti. Na san abin da ke ciki. Na kawar da kai na kama gyaran ledar ƙarin ruwa da ba ta bukatar gyara.

Gab da la'asar gadon ya fara motsi. Baba ya kama karkarwa, har ƙarfen gadon yana ƙara. 'Yar ta miƙe a firgice ta ce, “Wayyo, ya dawo!” Sista ta ɗaga hannu sama ta ce, “Mun gode wa Allah.” Abin da na yi murnar tafiyarsa da safe, shi muka yi murnar dawowarsa da yamma. Na sa ma'auni na zaro. Farin layin ya leƙo, ya ɗan haura lambar farko da kaɗan. Na nuna wa Sista, na sake nuna mata kamar ba ta gani ba.

Bayan kamar sa'a guda ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi 'yarsa, sannan idonsa ya sauka a kaina. Ba fuskata yake kallo ba. Wuyan tsohuwar rigar yake kallo, inda ya cinye. Na ga ransa bai so ba. Ya motsa baki, na sunkuya.

“Likita… ka yi haƙuri. Riganka bai bushe ba.”

'Yar ta jawo ledar daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabana. Ta ce masu yashi sun gaya mata ruwa ya kai masa ƙirji, amma hannunsa ɗaya yana kan kansa, ya danne ledar nan don kada laka ta taɓa ta. Da ƙyar suka ɓanɓare yatsunsa.

Na kwance ƙullin. Rigar ce, a matse, da ƙamshin sabulu. Na duba aljihun ƙirji. Tabon ya fita tas.

Na fita bayan asibiti, wajen janareta, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Sista ta zo ta same ni, ba ta lallashe ni ba, ta dai ce Baba ya fara haɗiya, in zo in ba shi shayi da cokali, kuma in rarrashe shi don yana rigimar an karya masa azumi. Washegari mai hoto ya zo. Ina cikin hoton, can gefe, da shat.

Baba bai sake komawa rafi ba, ƙugun bai bar shi ba. Suwaitar tana wurinsa, duk damina sai ya fito da ita. Nakan biya ta Hanwa in gaishe shi in ina komawa Samaru, kuma ban taɓa zuwa ba tare da ya tara mini mutane ba. Yakan nuna ni da sandarsa ya ce, “Kun gan shi nan. Rigan jikinsa ya cire ya sa min, shi ya zauna cikin sanyi.” Su yi ta sa mini albarka, ni kuma in yi ta kallon ƙasa. 'Yarsa takan kawo mini ruwa a kofi ta ajiye ta koma ciki, ba ta taɓa cewa uffan ba. Duk zuwa da niyyar in gaya masa maganar fanka nake zuwa. Har yau ban iya ba.